Harawa Mai Ƙaho

Ba zan taɓa mantawa ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta, da safiyar da aka sauke wani jan babur mai ƙafa huɗu a ƙofar sitonmu da ke Yalwawa. Tayoyinsa kaurara masu gurza-gurza kamar bayan kada, jikinsa sai sheƙi yake, ko ledar kujerarsa ba a ɓare ba. A lokacin ni ne mai kula da siton wata ƙungiyar manoma da makiyaya a Dutse. Aikin ba shi da yawa. In an sauke dusa in buɗe, in an zo ɗaukar maganin dabbobi in miƙa, sauran yinin kuwa in jingina da buhu in buɗe littafin soyayya. Na karanta su har sun hau mini baki. Ko kunu zan saya sai in ji kamar in ce wa mai kunun, "Ya ke ma'abociyar ludayi."

Jama'a na cikin kallon baburin sai ga Malama Dija ta iso. Ita ce ma'aikaciyar lafiyar dabbobi da ke zagaya rugagen wajen Ringim tana yi wa shanu rigakafi, kuma saboda aikinta aka sayo shi, don yashin can yana kayar da babur mai ƙafa biyu. Ta tattare hijabinta, ta haye, ta kama hannayen, ta yi dariya ta ce, "Wannan kam ko ni ba zai kayar ba." Da ta sauko ta juyo wajena ta ce, "Malam, a kula mana da shi don Allah."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Amma ni na san yadda ake fara irin wannan labarin, na karanta shi ya fi sau ɗari. Kafin ta kai bakin titi har na zaɓi kalar labulen ɗakinmu.

Alhaji, shugaban ƙungiyar, ya kira ni gefe. "Sati biyu zai yi a wajenka," in ji shi. "Ranar Talata ta sama ka raka shi Ringim ka damƙa mata hannu da hannu. Ka dai ji yadda ake ta ɗauke babura a garin nan. Ko madubinsa ya ɓata, ni da kai ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, sai dai a bi ta kan gawata." Ya dube ni ya ce ba gawa yake so ba, babur yake so.

A gaskiya, in ba yabon kai ba, ajiyar da na yi masa ajiya ce. Na sa magini ya haƙa daɓen sito ya dasa zoben ƙarfe da siminti. Na sayo sarƙa mai kauri na zura ta cikin ƙashin baburin, ba ta taya ba, don taya ana iya kwance ta a bar maka ita ka riƙe. Na sa kwaɗo uku. Na tsiyaye man da ke tanki, na cire fulogi. Na kwafe lambar inji a takarda, na lulluɓe shi da tamfol don kada mai leƙe ya gani ya kai labari. Takardunsa kuma na sa a ambulan na tura ƙarƙashin buhunan dusa, saboda ko da ɓarawo ya samu babur kada ya samu takarda. Bayan kowace salla sai na zo na jijjiga kwaɗunan ɗaya bayan ɗaya. Makullan kuwa, da na rasa inda zan yarda da shi, sai na ƙulle su a mazagin wandona, ƙulli uku. (Ku riƙe maganar mazagin nan, za mu dawo kanta.)

Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma mai karanta littattafan soyayya ba ya tsayawa inda masu hankali ke tsayawa. A littafi, jarumi ba ya kai amana haka kawai salin-alin. Dole akwai mugaye a hanya, dole kuma ya fi su dabara.

Sai na zauna na yi tunani irin na ɓarawo. Me zai sa ɓarawo ya bi mu? In ya ga babur. To, kada ya gani. Me zai sa ya tare mu? In ya san hanya. To, mu bar kwalta mu bi ta ƙauyuka. Wa zai gaya masa rana? Duk wanda ya sani. To, kada kowa ya sani, har Alhaji. An ce Talata, ni zan tashi Litinin. Na kwance lambar baburin na ɓoye, na ɓare sitikar ƙungiya da ke jikinsa don kada a gane na masu kuɗi ne. Sannan na zo kan babbar dabarar, wadda na yi kwana biyu ina murmushi ni kaɗai saboda ita: zan binne shi a ƙarƙashin harawa. Wa zai kalli motar harawa sau biyu?

Baba Ɗanladi, direban a-kori-kurar da na ɗauka haya, dattijo ne mai ƙaramin gemu da babban baki. Ya tsaya yana kallona ina ɗaure babur da ƙarafan bayan mota, ina datse kwaɗo, ina jibga damman harawar wake har suka yi tudu.

"Ɗan boko," in ji shi, "ka san watan da muke ciki?"

Na ce na sani.

"Bazara ce fa. Ciyawa ta ƙare a jeji. Yanzu in ka ɗauko amarya a mota ba za a kalle ta kamar harawar nan ba."

Na yi masa irin murmushin da jarumi ke yi wa wanda bai gane ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "To, Allah ya kai mu," ya tada mota.

Akwai abu ɗaya da ban faɗa muku ba. A cikin sati biyun nan na rubuta wa Malama Dija wasiƙa, shafi uku, na gyara ta sau bakwai, na fesa mata turare. Ambulan iri ɗaya ne da mu a sito, mai ruwan ƙasa, a ciki na sa ta. Shirina shi ne in miƙa mata makulli da hannun dama, wasiƙa da hagu, in juya in tafi ba tare da waiwaye ba. Da safiyar Litinin ɗin, da za mu tashi, na dafa aljihun ƙirjina na ji ambulan, na ce alhamdulillahi, komai ya kammala.

Tun kafin duwatsun Dutse su ɓace a bayanmu aka fara ɗaga mana hannu. "Mai harawa! Nawa dami?" Wani ya biyo mu a keke. Wata tsohuwa ta bar tumakinta ta fito tsakiyar hanya. Duk ƙauyen da muka ratsa sai an yi mana rakiya da ido har mu ɓace. Baba Ɗanladi kuwa, duk wanda ya kira sai ya danna masa oda ya ɗan kalle ni.

Wajen azahar motar ta fara tururi. Muka tsaya a wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba (har yau ina zagaye shi), daidai gindin wata tsamiya kusa da masallaci, don a zuba wa lagireto ruwa. Aka sallame salla, mutane suka fito, suka yo kan motar gaba ɗaya. A gabansu akwai wani dattijon makiyayi, dogo, da malafa da sanda a kafaɗa.

"Sannu yaro. Ta sayarwa ce?"

"A'a Baffa, an riga an saya."

"To, in ga irin wadda ake kawowa daga Dutse."

Abin da ban sani ba, ni da na tashi a gari ban taɓa kiwon ko akuya ba, shi ne makiyayi ba ya yarda da harawa daga ganin bayanta. Masu sayarwa kan sa mai ganye a waje su cusa kara da ruɓaɓɓiya a tsakiya. Don haka mai saye sai ya naɗe hannun riga ya zura hannu can ciki ya zaro ya shinshina. Kafin in buɗe baki, hannun Baffa ya shige har kafaɗa.

Ya tsaya. Ya lumshe ido ɗaya. Ya lalluba, ya ƙara lallubawa. Sannan ya juya ya dubi jama'a ya ce a hankali, "Ikon Allah. Shekara sittin ina sayen harawa, yau na ga mai ƙaho."

Ya kama hannun babur ne.

Ban san daga ina 'yan sintiri suka ɓullo ba. Ashe a watan an ɗauke wa mutanen garin babura biyu da injin ban-ruwa, kowa a wuya yake. Cikin minti biyu an watsar da harawa, ga jan babur ya fito yana sheƙi, ɗaure da sarƙa kamar mahaukacin sa. Aka tasa ni gaba zuwa ƙofar mai gari, aka ce in zauna a ƙasa. Na zauna. Wani ya cire mini hula, ban san dalili ba.

Mai gari ya fito, aka shimfiɗa masa buzu. Kusa da shi wani mutum ya tsuguna, siriri mai kimanin shekara talatin da biyar, da biro a bayan kunne. Malam Habu ke nan, magatakardan 'yan sintiri, wanda daga baya na ji cewa shi ne tuzurun garin, duk wadda ya je zance wajenta sai ya rasa abin faɗa ya ɓuge da labarin farashin taki.

"Na wane ne?" in ji mai gari.

"Na ƙungiya ne, ranka ya daɗe. Amana ce zan kai Ringim."

"Ringim ta nan ake bi?"

"Saboda ɓarayi ne, ranka ya daɗe."

"Ina lambarsa?"

"Na cire. Saboda ɓarayi."

"Me ya sa ka rufe shi da harawa?"

Na buɗe baki, sai wani daga baya ya riga ni: "Saboda ɓarayi!" Aka kwashe da dariya, amma ba irin dariyar da ke kwantar da hankali ba.

Aka kira Baba Ɗanladi. Na ji sanyi a raina, na ce ga mai cetona. Ya durƙusa ya yi gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba zan yi ƙarya ba. Lamba da hannunsa ya kwance ta. Hanyar jeji shi ya zaɓa. Kuma ya ce mini ko mai baburin kada ya ji mun tashi." Wallahi ko kalma ɗaya bai ƙara ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Na ce a kira Alhaji. Malam Habu ya karɓi wayata don kada in yi wa Alhaji wata inkiya, ya buɗe murya kowa na ji. Mai gari ya yi sallama ya ce, "Alhaji, an ce kuna da babur mai ƙafa huɗu. Yana ina yanzu?"

"Yana sito a Yalwawa, a kulle. Sai gobe zai tashi."

"To, ga shi nan a gabana, an zaro shi daga ƙarƙashin harawa."

"Innalillahi! Ku riƙe ko wane ne! Kada ku bari ya..." Sabis ya ɗauke. Aka sake kira, aka ɗaga wayar sama, aka hau kan turmi, shiru.

A nan ne wani saurayi ya fara gyara riƙon gorarsa, ni kuma na fara karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Sai na tuna. "Takardu!" na ce da ƙarfi. "Ina da takardu!" Na zura hannu a ƙirji na zaro ambulan na ɗaga sama kamar tuta. Sai da Malam Habu ya fizge ta, ƙamshin turare ya bugi hancina, sannan na ga buhunan dusa a idona, da abin da ke kwance ƙarƙashinsu a Yalwawa.

"Malam, don girman Allah, ba ita ba ce..."

"Karanta mana," in ji mai gari.

Malam Habu ya miƙe, ya gyara murya. Mutumin nan ya iya karatu, ba zan hana shi ba. Har da tsayawa inda na sa waƙafi.

"Zuwa ga fitilar rugage, sanyin idon marasa barci, Malama Dija. Tun ranar da kika hau wannan babur kika yi dariya, na daina gane ɗanɗanon tuwo."

"Subhanallahi," in ji wani tsoho. "Ko shawara ce ta kama shi?"

"Haƙoranki sun fi madarar da aka tatso da asuba fari. Na sa wa baburinki kwaɗo uku, amma ni zuciyata ko ƙyaure babu, ki shigo duk lokacin da kika ga dama. Da ma ni ne saniyar da kike yi wa allura, in tsaya cak ba sai an kayar da ni ba."

Wajen ya fashe. Mai gora ya saki gora ya riƙe ciki. Mata suna leƙowa ta kan danga suna tambayar me aka ce, ana maimaita musu. Baffa ya karkata malafa ya ce, "Yaro, saniya ma ba sa ba?" Mai gari ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa.

"Dakata," in ji Baffa. "Malama Dija mai allura? Ai tana rugar Arɗo tun safe, nan bayan fadama. A ɗauko ta mana."

Na roƙe su su kai ni wajen 'yan sanda. Da gaske nake, har da hawaye. Ba wanda ya saurare ni. Wani ya tada babur ya tafi, waɗanda suka makara kuma suka ce ba su ji farko ba, a sake. Malam Habu ya sake, wannan karon har da dafa ƙirji. Yana daidai wajen saniya sai Malama Dija ta sauko daga bayan babur, da kular magani a hannu, takalmanta duk kashin shanu.

Ta tsaya ta saurara har ƙarshe. Ni dai ƙasa nake kallo, ina bin wata tururuwa da ido ina yi mata hassada, don ita tana da rami.

"Malama, kin san wannan?" in ji mai gari.

"Na san shi, Baba. Mai sitonmu ne na Dutse. Baburin ma na aikina ne, gobe nake sa ran sa."

"Madalla. Ya sunansa?"

Ta dube ni. Ta ɗan ciji leɓe. Ta dubi sama. "Wallahi Baba... mai sito dai muke ce masa."

Na karanta littattafai da yawa, na ga an harbi jarumi, an ɗaure shi, an kore shi daga gari. Ban taɓa ganin inda aka yi masa wannan ba.

Da ma a ce an gama. Mai gari ya ce tunda mai shi ta zo, a kwance mata kayanta. Aka ce in kawo makulli. Ƙulli uku na yi, gumi kuma ya jiƙa mazagin ya ƙanƙame, farce ya ƙi shiga. Wani ya miƙo wuƙa, na ce a'a, don na san abin da zai biyo bayan yanke mazagi. Haka na hau bayan a-kori-kura, na ɗage riga, na manna cikina da kwaɗo na farko, na buɗe. Na ja gwiwa zuwa na biyu. Na uku yana can ƙasa wajen ƙafar baya, sai da na kwanta rub da ciki. Garin gaba ɗaya na ƙirgawa: "Ɗaya! Biyu!" Malama Dija ta juya baya tana kallon tsamiya, amma na ga hijabinta na girgiza.

Aka sauke babur, aka sayo mai a kwalba. Ta miƙo hannu ba tare da ta kalle ni ba ta ce, "Fulogi." Na zaro shi daga cikin safa. Ta goge shi da gefen tsumma, ta ɗaura da kanta, ta tada. Kafin ta ja ta ce, "Na gode Malam, ka kula da shi ƙwarai. Ko ƙwarzane babu." Ta gyara zama. "Tuwon kuma a daure a riƙa ci." Ta bi yashi ta tafi, ko tangaɗi babu.

Alhaji bai kore ni ba. Ya ce in ya kore ni wa zai riƙa ba shi dariya. Harawar kuwa Baffa ne ya samu, mai gari ya ce ladan ganowa ne. Malama Dija ta auri wani malamin makaranta a shekarar da ta biyo, na kuma ji an ce da baki ya gaya mata, a tsaye, cikin jimla ɗaya. Ni kuwa har yau a Yalwawa in ka ce Mai Harawa za a nuna maka gidana.

Darasin da na ɗauka ba mai tsawo ba ne. Sarƙa da kwaɗo da cire fulogi, duk ku yi, suna aiki. Amma ku bar lamba a jiki, ku riƙe takarda a aljihu, ku bi hanyar da kowa ke bi, ku gaya wa mai kaya kun tashi. In dabararka ta kai inda kai da ɓarawo ba a bambanta ku, to ka rage dabara. Kuma a sayi ambulan kala biyu.

Bara ina sayen rago a kasuwar Shuwarin sai na ji an rungume ni ta baya. Wani mutum ne ya yi ƙiba, da yara biyu riƙe da rigarsa. Sai da na ga biro a bayan kunne na gane shi.

"Malam mai sito! Allah ya saka da alheri! Ai kai ne ka yi mini aure!"

Ashe a hargitsin ranar bai mayar mini da wasiƙar ba, ni kuma kunya ba ta bar ni na tambaya ba. Ya kwafe ta tsaf, ya cire Dija ya sa Ladidi, ya cire babur ya sa keken ɗinki, ya aika wa wata bazawara mai ɗinki a garinsu. Cikin wata biyu aka ɗaura.

"Saniyar fa?" na tambaye shi.

"Na bar ta yadda take. Ai nan ne ta ce ya fi taɓa mata zuciya."

Ya turo babban yaron gaba ya ce ya gaida Baba. Ya ce ya so ƙwarai ya sa masa sunana, ya yi ta cigiya, amma duk garin babu wanda ya sani.

Sati biyu ina gadi, kwaɗo uku, sarƙa mai kauri, harawa mota guda. Abu ɗaya tak aka sace mini a tafiyar nan, kuma magatakardan masu kama ɓarayi ne ya sace shi.